Wayoyi Tara Da Ban Buɗe Ba

Tun hantsi kuke zaune a kan bencin nan na ƙofar shagona kuna musu a kan wayar da babu ɗayanku da ya taɓa riƙe ta a hannu. Wannan ya ce ya ji ba ta gane baƙar fata, wancan ya ce ƙarya ne, ko a duhu tana gane mai ita, na can ƙarshe kuma ya ce ya ga bidiyo an buɗe ta da hoto. Na tambaye ku wa ya gwada, sai kuka juyo kaina wai in raba gardama tunda ni ne mai gyara. Ba zan raba ba. Na taɓa raba irinta da fatar baki, mutum ya rasa mutuncinsa a garinsu saboda maganata. Tunda kun hana ni aiki, ku gyara zama ku ji.

Ni da rediyo na fara, tun wayar hannu ba ta zo ba. Mahaifina ya ga gonarmu ba za ta riƙe mu duka ba, ya ɗauke ni daga nan Gaya ya kai ni Kano wurin wani mai gyara, Malam Isyaku. Shekara guda cur ban taɓa ƙarfen narka dalma ba. Aikina shara, da tsince 'yan sukurorin da suka faɗi ƙasa, da jera su a murfin gwangwani gwargwadon girmansu. Ranar da aka fara barina ni kaɗai a shago, wani mai shayi ya kawo akwatin rediyonsa ba ya magana. Na kara shi a kunne, na girgiza, na ce lasifika ce ta mutu. Mutumin ya tafi kasuwa ya sayo sabuwa. Da Malam Isyaku ya dawo daga masallaci ya kwance akwatin, lasifika lafiyarta ƙalau, kyankyasai ne suka yi gida a ciki suka cinye wata siririyar igiyar wuta. Bai dake ni ba. Ya sa na ɗauki lasifikar na bi mai shayin har teburinsa, na faɗa masa a gaban masu shan shayi cewa ban buɗe ba na yi magana. Da na dawo ya ce da ni, "Ado, abin da ba ka kwance ka gani da idonka ba, ka ce ba ka sani ba. Ba a taɓa ɗaure mutum don ya ce bai sani ba."

Ku kuwa kuna ganin sana'ar nan kallon bidiyo ce. Mutum ya kalli yadda ake canza sikirin sau biyu, ya sayi sukundireba, ya kafa lema a bakin tasha, shi ke nan ya zama injiniya. Ku dubi teburin nan. Wannan injin hura iska mai zafi ne, da shi ake ɗaga sikirin da narka abin da ke maƙale a injin waya. Ka ƙara masa zafi kaɗan ka gasa wayar mutum, ka rage kaɗan ka fasa gilashi. Wannan mita ce, ita ke faɗa mini inda wuta ta tsaya. Ga hantsaki, ga madubin ƙara girma, domin akwai abin da nake ɗauka a cikin waya wanda bai kai ƙwayar gero ba, in ka yi atishawa ya tafi ke nan. Wancan tsohon buroshin haƙori da kuke yi wa dariya ya ceci wayoyi fiye da duk bidiyon da kuka kalla.

Wani Bafulatani daga wajen Kademi ya taɓa kawo mini waya da ta faɗa cikin ƙwaryar nono. Kafin ya zo wurina ya biya wurin ɗaya daga cikin masu lema, shi kuwa ya jona ta a caji don ya ga ko za ta kawo. Nono a ciki, ya ƙara mata wuta. Kwana uku na yi ina wanke injin ina busarwa, ina bin layukansa ɗaya bayan ɗaya da mita, har na gano wurare biyu da suka ƙone na ɗinke su da zaren tagulla. Mutumin bai damu da wayar ba. Lambobin 'yan'uwansa da suka tafi kudu da shanu ne a ciki, ba shi da su a ko'ina. Abin da mutane ke ajiye mini a teburin nan ke nan, ku kuna ganin roba da gilashi.

Wayar da ta jawo mini abin da zan ba ku labari, wani Alhaji mai sayen gyaɗa ne ya fara shigowa da ita garin nan. Ya kawo in manna masa gilashin kariya. Ba a danna mata lamba, kallonta kawai kake yi ta buɗe. Na roƙe shi ya bar ni in gwada, ya yarda. Na kalle ta da fuskata, ta ƙi. Aka kira ƙanensa da suke kama sosai, ta ƙi. Na ɗauki hotonsa da wata waya na nuna mata, ta ƙi. Ya cire hula, ya sa tabarau, ta gane shi. Daga baya na fahimci dalili. A saman sikirin, kusa da kyamara, akwai wata 'yar fitila da ke fesa hasken da ido ba ya gani, da shi take auna tudun hanci da zurfin ido. Hoto kuwa shafaffe ne, ba shi da tudu. In ka haska wurin da kyamarar wata waya za ka ga fitilar tana ƙyafta.

Mutane suka fara tambayata ko zan samo musu irinta. Akwai dillalin da na yi shekaru ina sayen kaya a wurinsa a kasuwar waya ta Kano. Na kira shi, ya ce akwai, kuma da sauƙi, wai ta wata hanya suka shigo. Sauƙin ya yi yawa, kuma na san ya yi yawa. Na karɓo guda tara a kwalayensu, kowace da ledarta. Ban buɗe ko ɗaya ba, saboda mai sayen sabuwar waya yana son shi zai yage ledar da hannunsa. Wannan ne uzurin da na ba kaina.

Ana cikin haka jita-jita ta tashi, irin wadda kuke yi yanzu. Saƙon murya ya yi ta yawo, wani da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa cewa wayar tana buɗewa da hoton mai ita. Kasuwata ta tsaya. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, bencin nan ya cika har wasu na tsaye, ana ta musu. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce, "Duk wanda ya ce hoto na buɗe wayar nan maƙaryaci ne. Ni na gwada da hannuna. In ba fuskar mai ita ba, babu abin da zai buɗe ta. Ku je ku ce ni Ado na faɗa." Wani ya ɗauki maganar a wayarsa ya watsa. Kafin mako ya zagayo ta kai Ajingi, ta kai ƙauyuka. Gaskiya na faɗa a kan wayar Alhaji mai gyaɗa. A kan tara da ke cikin shagona kuwa ban san komai ba.

Cikin waɗanda suka saya akwai Malam Sale, mutumin Toranke. Manomi ne, ya yi boko daidai gwargwado, shi ne magatakardan wata ƙungiyar manoma ta unguwarsu, duk sanarwar taro da rabon taki ta wayarsa take fita. Mutum ne mai sanyin magana. Ya tambaye ni sau biyu, "Malam Ado, maganar hoton nan fa?" Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ni na saita masa fuskarsa a kai. Ta buɗe, muka yi dariya, ya zura katin ƙungiyarsu mai hotonsa a bayan rigar wayar kamar yadda kowa ke yi, ya tafi.

Bayan kamar wata biyu, ranar kasuwar Ajingi, ya bar wayar a rumfar masu caji ya shiga sayar da gero. Da ya dawo ya karɓi abarsa ya hau mota. Kafin ya isa gida gari ya ɗauka. An tura rubutu daga wayarsa zuwa zauren ƙungiyar na waya, inda kowa ke gani, ana cewa shugabansu Alhaji Bala ɓarawon taki ne, aka haɗa da zagin mahaifinsa da ya rasu. Sale ya rantse ba shi ba ne. Ya ce a caji ya bar ta. Sai aka kunna masa muryata. Aka ce ga mai gyara da kansa ya ce in ba fuskar mai ita ba, babu abin da zai buɗe ta. Aka sauke shi daga muƙaminsa. Alhaji Bala kawun matarsa ne, don haka abin ya shiga har cikin gida. Mutane suka daina amsa gaisuwarsa a masallaci.

Ni duk ban sani ba, sai da ya zo wata safiya ya tsaya a nan inda kake zaune. Ya rame. Bai zauna ba, ya ajiye wayar a teburi.

Ya ce, "Malam Ado, muryarka ce aka yanke mini hukunci da ita. Na zo ka sake faɗa mini a ido, babu abin da zai buɗe wayar nan sai fuskata?"

Na fara kumfar baki, ina cewa ai na gwada. Ya ce, "Wannan ka gwada?"

Na ɗauko tawa wayar na haska saman sikirin ɗin tasa. Babu abin da ya ƙyafta. Na ce ko fitilar ce ta lalace. Na kunna injin iska, na ɗaga sikirin a hankali, na sa madubi. A inda fitilar ya kamata ta zauna babu komai sai wani ɗan baƙin ɗigo na roba da aka manna, don in ka duba daga waje ka zaci ita ce. Injin ciki ma na wata tsohuwar waya ne mai arha, aka sa masa riga irin ta mai tsada. Kyamara ce kawai take kallon fuska, ita kuwa ba ta san bambancin mutum da takarda ba. Na mayar da sikirin, na zaro katin ƙungiyar daga bayan rigar, na kara hotonsa a gaban kyamara, na ɗan matsar da shi gaba da baya. A karo na uku ta buɗe.

Sale ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ce, "To, ka gani. Ni na san ban yi ba. Su ne ba su sani ba."

A ranar na rufe shago na hau mota zuwa Kano da sauran guda biyu da ba a saya ba. Na kwance ɗaya a kan kantar dillalin, na nuna masa ɗigon robar. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Haba Ado, kamar ba ɗan kasuwa ba. A wannan farashin asali kake nema? Ai na ɗauka ka gane." Na ce masa mutum ya shiga bala'i a kan abin nan. Ya ce shi waya ya sayar mini, bai ce in hau benci in yi wa'azi ba. Na ɗaga murya har maƙwabtansa suka taru suna ba ni haƙuri. Abin da ya fi ƙona mini rai, a maganarsa ta ƙarshe bai yi ƙarya ba.

Washegari na ɗauki Sale a babur muka tafi Toranke. Na roƙi mai unguwa ya tara 'yan ƙungiyar bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, Alhaji Bala ya zo ya zauna ko kallon inda Sale yake bai yi ba. Na durƙusa na gaida mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne Ado da aka kunna muryarsa a nan. Maganar da na yi ban bincika ba na yi ta. Wayar da na sayar wa Malam Sale jabu ce, hoto yana buɗe ta." Wani daga baya ya ce an dai saye ni. Na ce ya taso. Na ba shi wayar da katin a hannunsa, na ce ya kara da kansa. Ya kara, ta buɗe. Aka miƙa wa na kusa da shi, ta buɗe. Har mai unguwa ya gwada.

Alhaji Bala ya gyara murya ya ce, "Mun ga hoto yana buɗewa. Amma wannan bai nuna ba shi ya rubuta ba."

Na ce, "Haka ne, Alhaji. Ban zo in ce na san wanda ya rubuta ba, don ban sani ba. Na zo in ce hujjar da kuka kama shi da ita tawa ce, kuma ruɓaɓɓiya ce. Duk wanda ya riƙe wayar nan a rumfar caji, katin na maƙale a bayanta, zai iya."

Ya ce, "Da ka ce babu mai iyawa, da ƙarfi ka faɗa. Yau ma da ƙarfi kake faɗa. Wanne za mu ɗauka?"

Na ce ya ɗauki abin da idonsa ya gani, ya bar bakina. Mai unguwa ya ce tunda shakka ta shiga, a janye maganar daga kan Sale, a bar wa Allah. Aka yi addu'a aka tashi. An je wurin mai rumfar cajin, ya ce wayoyi sun fi a ƙirga ranar kasuwa, mutane na shiga suna fita, shi bai ga kowa ba. Har yau ba a san wanda ya yi rubutun ba. Muƙamin kuwa an riga an ba wani, ba a kuma karɓe ba.

Sauran guda shida na bi su gida gida. Biyu a nan Gaya, ɗaya wurin wata malamar asibiti, sauran a Ajingi da ƙauyukanta. Kowa na nuna masa da hotonsa, na karɓi wayar na mayar masa da kuɗinsa. Babur ɗin da na kai Sale da shi sai da na sayar, da janareta. Wani ya karɓa ya yi godiya, wani ya karɓa ya zage ni. Wannan ita ce mummunar shekarata. Labari ya juya ya zama wai Ado yana kwashe kayan asali daga wayoyin mutane yana sa jabu. Waɗanda suka watsa muryata ta farko su ne suka watsa wannan, ba wanda ya zo ya tambaye ni. Damina ta wuce, kaka ta zo, lokacin da manomi ke da abin gyara waya, ni kuwa ina zaune ina korar ƙuda. Mutumin da na yi wa gyara shekara goma sai ya wuce ta gabana ya kai wa mai lema. In wuta ta ɗauke sai in rufe, tunda babu janareta. Na koma gyaran tocila da fanka don a ɗora tukunya a gida. Sai da masu lema suka gasa wayoyi da dama kafin mutane suka fara dawowa ɗaya ɗaya, suna sunkuyar da kai.

Shi ya sa in kuka ce mini wai an ce, nake jin kamar in kore ku daga bencin. Wanda ya ce hoto na buɗewa da wanda ya ce ba ya buɗewa, a wancan karon duk sun yi gaskiya, kowa wayar da ya gani daban, suna ɗaya, kwali ɗaya. Wannan sabuwar da kuke magana ban gan ta ba. Ku kawo ta nan, da mai ita, da ɗan'uwansa, da hotonsa, mu gwada a rana mu gwada a inuwa, in kwance ta in ga abin da ke ciki. Abin da zan faɗa bayan nan ma a kan wadda na kwance ne kawai, ba a kan ta wani ba.

Sale kuwa na sake haɗuwa da shi bara a tashar Ajingi. Ya sasanta da gidan surukansa, amma bai koma ƙungiyar ba, noma kawai yake yi. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali, na tambayi gona. Na ga 'yar ƙaramar waya mai madannai a hannunsa, an ɗaure ta da roba. Ya ce kwana biyu in an kira shi ba a jin maganarsa. Na ce ya kawo in duba, aikin minti goma ne, ga kayan aiki a jakata, kuma ba zan karɓi komai ba. Har na miƙa hannu.

Ya dubi hannun nawa, ya sa wayar a aljihu. Ya ce, "Bar shi kawai, Malam Ado. Ina da shiga Kano gobe." Kwandasta ya kira Toranke, ya yi mini sallama ya shiga mota.